Kayen Mushe Dalhatu

Latifa na ɗaga kwalin da ke ƙuryar ɗaki gindinsa ya zube. Gara ta watsu a tsakar ɗaki, fara sol, tana bin ƙafafunta.

"Malam, zo ka ga ajiyarka," ta ce da mijinta.

Abdurrahaman ya shigo da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya durƙusa ya tura hannu cikin tarin, sai ƙasa da ɓurɓushin takarda. Kaye ne, wato littattafan rubutu, goma sha ɗaya na Mushe Dalhatu, tsohon malaminsa na Ingilishi a kwalejin Agiye. Shekara ashirin tsohon ya yi yana tara kalmomi, kowace da ma'anarta da inda ta samo asali. Da idonsa ya mutu sai ya damƙa wa Abdurrahaman, ya kai Maraɗi a buga littafi saboda 'yan lakol, wato 'yan makarantar boko.

"Damina uku ke nan ina ce maka ka ɗaga shi," in ji Latifa. "Shi kansa mai abun cewa ya yi ka aza bisa duwatsu ka zuba toka. Kai kuwa kullum gobe. Ko buhun wakenka ka fi kula da shi."

Ya tsinci shafin da ya rage rabi, ya sa a aljihu, ya hau babur sai Cadawa, garin Mushe.

Ya iske tsohon a ƙofar gida kan tabarma, sandarsa a gefe.

"Ƙarar babur ɗin nan na santa. Abdu, mai gidan buga littafin ya gama?"

Duk ranar kasuwa tambayar ke nan, shi kuma kullum amsarsa an kusa. Yau bakin ya ƙi.

"Mushe, ban taɓa kai su Maraɗi ba. Gara ta cinye su a ɗakina."

Tsohon ya daɗe yana shafa sandarsa.

"Duka?"

"Rabin shafi ya rage."

"Karanta mini."

Abdurrahaman ya karanta. Dangin "port" ne, tushen da ke nufin ɗauka a tsohon harshen Rumawa, da 'ya'yansa a jere: transport, export, portable. Ya tuna ranar da Mushe ya sa shi ɗaukar benci ya zagaye aji da shi, don kada ya manta. Bai manta ba kuwa, da irin wannan ya ci jarrabawa har ya zama malami.

"Kowace kalma da kakarta," in ji tsohon a hankali. "Ɗauko biro, mu ga abin da ya rage a kaina."

Suka fara. Kalma bakwai suka samu, a ta takwas Mushe ya tsaya, ya buɗe baki ya rufe, ya juyar da fuska wajen bango.

Nan wata farar mota ta tsaya gaban gidan. Wata mata mai tabarau ta fito riƙe da jaka, ta yi sallama.

"Nan ne gidan Mushe Dalhatu? Sunana Safina, daga wani gidan buga littattafai na Yamai nake. Ɗiyarsa Rukaiya ta ba mu labarin kayen nan, har mun sa su cikin littattafan da za mu buga wa 'yan kwaleji bana. An ce suna hannun wani Abdurrahaman. Ina zan same shi?"