Yaƙin Duniya a Gurbin Ƙirya

Tun daga Sabon Birni har bakin iyakar Nijar babu wanda ya san yadda ake tsare zaman lafiya kamar Malam Kalilu. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba a taɓa jin ya janye ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da tarihi a sakandare, yana zana ƙasashen Turai a allo yana haɗa su da kibiyoyi: Jamus da Ostiriya a nan, Faransa da Rasha a can, Birtaniya a gefe tana shafa gemu. Gwarzonsa shi ne Bismarck, wazirin Jamus, wanda ya ɗaure maƙwabta da igiyar alkawari ya bar Faransa ita kaɗai kamar mayya. Karatun da Malam ya ciro daga nan guda ne: in manya biyar ne a fage, ka tabbata kana cikin ukun. Idan wani ɗalibi mai ƙarambani ya tambaya yadda aka yi duk wannan hikima ta ƙare da yaƙin duniya, sai Malam ya ce ai mai igiyar ne ya sauka, aka bar ta a hannun yara.

Da ya yi ritaya sai Allah ya ba shi fage mai manya biyar.

Yayarsa Larai tana da lambun albasa a fadamar Unguwar Lalle, gadon mijinta. A daminar da ta wuce rufin ɗakinta ya buɗe baki, kuma da kuɗin albasar bana take son sa kwano kafin ruwa ya sake sauka. Ba ta da wani abin da za ta sayar. Malam ya ce ta bar masa lambun.

"To, ku kunka yi boko," in ji Larai. "Ni dai kwano nika so, ko da marar fenti ne."

"Yaya, ki ɗauka an riga an kahwa shi."

Idan gulbi ya janye da rani yakan bar wani gurbi mai zurfi a gindin wata ƙirya, shi ake kira Gurbin Ƙirya. Injin ban ruwa biyar ke sha daga cikinsa, kuma in an yi hankali yakan kai albasa har cira. Lambun Larai ne mafi nisa, can kan tudu, bakin tiyonta kuma a gefen da ruwa ba shi da zurfi. Tsarin da aka gada ba shi da wuya: wanda ya gama ban ruwa ya naɗe tiyonsa ya rataye a reshen ƙiryar, mai bi masa ya gani ya tada nasa. Kowace shekara wani yakan yi satar layi, a zage shi tun daga kakansa, ya rantse bai ga tiyon ba, da yamma a haɗu a teburin mai shayi. Malam ya duba wannan ya ce zaman kara zube ne, Allah ne kawai ya tsare.

Abin da ya hana shi barci shi ne Halliru. Halliru ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Maraɗi, kuma a wannan shekarar ya dawo da wani jibgegen inji mai tiyo kamar cinyar raƙumi. Bai taɓa satar layi da shi ba. Amma Malam ya karanta tarihi, ya san ba abin da mutum ya yi ake dubawa ba, abin da zai iya yi ne. Ya ƙudurta a ransa sai ya mayar da Halliru Faransa.

Ya fara da Shamsu, matashi mai zafin kai wanda lambunsa ke jikin na Halliru. Ya sayi goro fari, ya ja shi bayan masallaci.

"In Halliru ko wani nashi ya tada inji ba layinshi ba, ni da kai mu tada namu nan take. Kada a shanye mu muna kallo."

"Malam, ko yanzu ka ce a tada, za ni tadawa."

Aka fasa goro, aka shafa fatiha.

Sai dai akwai Badaru, wanda shi da Shamsu ba sa ga maciji tun wata rigimar iyakar gona da iyayensu suka bar musu. In aka bar Badaru a sake, zai faɗa hannun Halliru. A nan Malam ya ji jinin Bismarck yana yawo a jikinsa, domin wazirin ma ya ƙulla da Ostiriya a fili, ya zagaya ya ƙulla da Rasha a ɓoye. Ya sayi wani goron, ya sami Badaru a fangalinsa na albasa.

"In Shamsu ya tada inji ba layinshi ba, ina tare da kai. Amma maganar ga daga ni sai kai."

"Daga ni sai kai sai Allah," in ji Badaru, ya shafa fatiha. Da yamma ya gaya wa mai shayi, shi ma daga shi sai shi sai Allah.

Halliru ya ji labari kafin shayinsa ya huce. Bai yi fushi ba, mamaki ya yi, don a saninsa babu wanda ya taka. Amma da ya ga an yi uku an bar shi, sai ya waiwaya ya ga saura mutum ɗaya, tsoho Malami, mai wani inji da ya girmi wasu limamai, wanda rabin rani a wurin bakanike yake yin sa. Suka shafa tasu fatihar: duk wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa biyu, in ɗaya ya tada ɗayan ma ya tada.

Daga nan Gurbin Ƙirya ya ga zaman lafiyar da bai taɓa gani ba. Babu satar layi, babu zagi. Gaisuwa ma ta ragu. Kowa ya ƙara galan ɗin fetur ya ɓoye a bukka, kowa ya bar tiyonsa a cikin ruwa maimakon reshen ƙirya, don kada a shammace shi. Albasar Larai ta yi kore shar, ta fara ɗaura kai. Malam yakan tsaya a bakin gurbi da hannu a baya, ya saurari shirun, ya gyaɗa kai. Ya gaya wa Larai ta fara tambayar farashin kwano, ta kuwa tambaya.

Wata safiya, ana cikin zafin bazara, ruwan gurbi ya ragu amma da saura, bakanike ya dawo wa Malami da injinsa a bayan babur. Malami ya ce ba zai sallame shi ba sai ya ji kukan injin da kunnensa. Aka ja igiya. Injin ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama.

Ranar layin Larai ne. Malam yana tafe a kan hanya da galan a hannu ya ji inji ɗaya. Kafin ya kai ƙiryar ya ji na biyu, don Shamsu ya ji mutumin Halliru ya tada. Badaru ya ji Shamsu ya tada, ya ja tasa igiyar. Sannan ƙasa ta girgiza, jibgegen Maraɗi ya buɗe maƙogwaro.

"Malam, tada!" Shamsu ya ƙwala daga fangalinsa. "Mun shahwa!"

"Malam, tada!" in ji Badaru daga ɗaya gefen. "Ga shi nan ya yi abin da kac ce!"

Shamsu ya dubi Badaru, ya dubi Malam. "Au, har da shi?"

Malam ya ajiye galan. Ya san wannan safiyar, ya koyar da ita a ajin ƙarshe shekara da shekaru, kuma kullum yakan ce da an sami mutum ɗaya mai hankali a tsakiya da ba a yi ba. To ga shi a tsakiya. Ya yanke shawara ba zai taɓa injin Larai ba, don mai sulhu ba ya riƙe da makami. Ya tattare babbar rigarsa ya nufi Malami.

"Baba Malami, kashe, don Allah. Kuskure ne."

"Mi?"

"Kashe injin!"

"Da za ni kashewa," Malami ya yi ihu a kan ƙarar, "gwaji ne. Amma yaron can ya ce mani ɓarawon ruwa. Ni! In na kashe yanzu na amsa sunan ke nan. Shi hwara kashewa."

Malam ya tsallake fangali ya je wurin Shamsu. Shamsu ya ce sai Halliru ya kashe, don nasa ke shan rabin gurbi. Halliru, yana zaune a kan buhu yana cin gyaɗa, ya ce shi ba shi da rigima da kowa, amma ya shafa fatiha da tsoho, kuma Bagobiri ba ya barin tsoho a fage. Badaru ya ce shi a shirye yake ya kashe, da zarar Shamsu ya kashe ya kuma matsar da iyakar gona inda take a zamanin kakansa. Malam ya zagaya, ya sake zagayawa. Takalminsa ɗaya ya maƙale a laka, ya bar shi. A jikin gurbin wani zobe na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bayyana, yana faɗi.

Da azahar ta yi, duk suka yi alwala da ruwan tiyo, suka yi sahu ɗaya a inuwar ƙirya, kafaɗa da kafaɗa, suka tura Malam gaba don shi ne mai ilmi. Injuna huɗu suna ruri a bayansu. Yana sallamewa ya juyo kafin kowa ya miƙe.

"Jama'a, ga mu duka. Mu shafa sabuwar fatiha, ta warware na baya, kowa ya je ya kashe lokaci guda."



"Fatiha ba riga ba ce, Malam, balle a tuɓe a sa wata," in ji Halliru.

"Turawa ma da kansu sukan yaga yarjejeniya in ta…"

"Su takarda sunka rubuta," in ji Badaru. "Mu hannu munka ɗaga. Kuma kai ne kash shahwa biyu, mu ɗai-ɗai munka shahwa. Ka hwara gaya muna wace cikin naka za ka ci."

Shamsu ya tuntsire da dariya, karo na farko da ya taɓa yi wa maganar Badaru dariya, sannan kowa ya tashi ya je ya ƙara wa injinsa fetur. Fangulansu sun cika sun tumbatsa, ruwa yana malala kan hanya, albasar Malami har ta nutse. Ba wanda ke bukatar ruwan. Kowa dai ba ya son ya bar wa wani.

Wajen la'asar Malam ya sauka daga kujerar sulhu. Ya ruga da ƙafa ɗaya ba takalmi, ya zuba fetur, ya ja igiyar injin Larai. Injin ya kama tun jan farko, lafiyayye ne. Tiyon ya yi ƙugi, ya tofar da taɓo, ya tsaya. Bakinsa na kwance a kan laka, ruwan ya janye ya bar shi tun tuni. Malam ya shiga taɓo har gwiwa yana jan tiyon, amma tsawonsa ya ƙare. Yana nan riƙe da shi aka ji injuna suna shaƙewa ɗaya bayan ɗaya, na Maraɗi a ƙarshe. A tsakiyar gurbin tarwaɗa na birgima.

Da yamma Usmanu, Bafulatanin da ke shayar da shanunsa a nan kowane rani, ya iso da garke. Ba a shafa komai da shi ba, ba a ma san da shi a lissafi ba. Ya dubi taɓon, ya dubi mutanen, ya kaɗa shanu. Daga baya aka ji ya yi sa-in-sa da masu wata rijiya can wajen Kamarawa, masu rijiyar suka kai ƙara, masu bulo da mata masu wanki da ke ɗiba a Gurbin Ƙirya suka koma wani gurbin suka tarar da masu shi. Malam ya lura cewa wannan ma ya yi daidai da littafi.

Manyan ƙasashe ba su mutu ba. Halliru ya kawo masu haƙa suka soka masa bututu a yashin gulbi, ya sami ruwa, har yana sam wa Malami. Shamsu da Badaru, da yake lambunansu na ƙasa-ƙasa, suka haɗu suka tona rijiya ɗaya a daidai iyakar da suke rigima a kanta. Malam ya sa aka tona a kan tudun Larai, aka tona har mai haƙa ya ɓace a ciki, aka sami busasshen jan yumɓu. Ya yi jigilar jarka a kan jaki har kafaɗarsa ta kumbura. Albasa ba ta san ƙoƙari ba. Ganyen ya kwanta tun kan bai wuce ƙwan zabo ba.

A teburin mai shayi Malam ya yi bayani cewa tsarin ba shi da aibu. Laifin na bakanike ne, da kuma rashin hanyar tuntuɓa tsakanin ɓangarori. Baɗi, in Allah ya kai mu, za a sa Usmanu a ciki, a zama shida, kuma ya riga ya fara tunanin yadda za a raba shida. Aka ce Allah ya kai mu.

Da ya biya gidan Larai don ya yi mata wannan bayanin, ya tarar ta riga ta je lambun da sassafe ita da jakin maƙwabta, ta yanko lawashin da bai gama ƙonewa ba. Tana zaune a tsakar gida tana daka shi a turmi, tana dunƙula gabu tana jerawa a tabarma. A bakin ƙofar ɗakin akwai sabuwar leda baƙa a naɗe, da duwatsun da za a danne ta da su a kan rufi.

"Yaya," ya ce, "abin da ya hwaru shi ne…"

"Sannu da rana, Kalilu. Akwai hura cikin ƙwarya." Ta dunƙula wani, ta ajiye. "Ɗan matsa can, kana tare masu rana."

Ya matsa. Ta ci gaba da daka.