Kafofin da Suka Kalli Gabas

Ginin ya tsaya a bakin titin Tawa kamar suri ya yi girman masallaci, ja wur, jikinsa duk kafofin iska. Habi ta sauka daga kabu-kabu, ta tsaya tana kallonsa, zuciyarta na tafasa.

Shekara arba'in ta yi tana gina rumbunan albasa a Bambeye. Tun tana budurwa ta fasa tsohon suri, ta ga yadda gara ke jan iska ta ƙasa ta fitar da zafi ta sama, ta kwaikwaya. Albasarta ba ta ruɓewa. Bara Muktari, mai zanen gine-gine, ya kwana uku gidanta, ya ci tuwonta, ya auna kowace kafa ya rubuta. Jiya kuma ta ji shi a rediyo yana cewa wajen gara ya koyo fasahar wannan ɗakin karatu.

Ta same shi a ƙofa, ana shirin bikin buɗewa.

"Inna Habi! Sannu da zuwa."

"Riƙe sannunka. Gara ta dafa maka tuwo? Gara ta kama hannunka ta sa cikin laka?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ai ke ma wajenta kika gani."

"Na gani, ta cije ni, na yi shekaru ina rushewa ina sakewa. Kai mi ka rushe? Ba sisinka nike so ba. Ka sa sunana bisa allon can. Ban iya karatu ba, amma jikokina sun iya."

"An riga an sassaƙa allon, Inna. Kuma manya sun gani."

Habi ta juya. Ta zagaya ginin a hankali tana shafa bango, har ta zo gefen gabas. Nan ta ga kafofin a buɗe, bakinsu sama, babu ko leɓen da zai kare su. Ita kuwa ba ta taɓa huda rumbu ta gabas ba, don ta nan ruwan sama yake zuwa da iska a ƙasar Adar. Da rani Muktari ya zo gidanta, bai tambayi damina ba.

"Inna, akwai gyara?" Muryarsa ta yi ƙasa.

Habi ta gyara lulluɓinta.

"Tahi ka tambayi malamarka."

Ta ɗaga wa mai kabu-kabu hannu. Can bayan duwatsu, hadarin farko ya fara haɗuwa.