Muryar da Ba Ka Sani Ba

…kuma wai in daina jin kunya, kunyar ce ke hana iskar fitowa. Ji yarinyar nan, sa'ar autarmu, malamar magana ake ce mata. Ta ajiye mini madubi da kofin ruwa tana koya mini gyatsa. Ni fa. Ni da na sha dungure wa 'ya'yana kai a kan gyatsa a gaban mutane.

"Haɗiyi iskar, Mama. Riƙe ta. Yanzu sake ta, ki ce *ta*."

Ta… Ba ta zo ba. Sai huci daga ƙasan wuya, ɗan ƙyallen da na rufe ramin da shi yana ɗagawa yana komawa. Tun da suka cire maƙogwaron — ciwon daji, likita ya ce ko murya ko rai, sai ka ce wani abin zaɓi ne — numfashina ya bar hanci ya dawo nan. Ba na jin ƙamshi. Ba na hura shayi. Dariya ma sai dai kafaɗa ta yi mini.

Kowa ya samo yadda zai yi da ni. 'Ya'ya na karanta ɗan allona, maƙwabta na kallon leɓena su yi ta canka har su dace. To kai fa, Direba, maigidana? Kai da idanunka suka tafi tun kafin muryata… me zan rubuta maka?

Rediyo. Kai ka laƙaba mini, har yaran layi suka ɗauka sunan yanka ne. In zauna a gaban mota, gefenka, tun daga tasha har mu isa bakina bai rufe ba, kana cewa da batir ake sa mini da tuni ka cire ka jefar ta taga. Ƙarya kake. In na yi shiru minti kaɗan kai ne mai juyowa: lafiya kuwa? Ni ce ke hana ka gyangyaɗi a kan sitiyari, kai ma ka sani, faɗa ce ba za ka yi ba.

Da duhun ya gama rufe maka ido, kujerarka ta koma bakin taga, ni kuma na zama tagar. Mai gyaran takalmi ya sake ɓatawa da surukinsa. Maƙwabcinmu ya shafa wa ƙofarsa wani koren fenti, ka gode wa Allah ba ka gani ba. Bishiyar kan kwana ta yi fure. Yarinyar mai kanti ta wuce da takalmi mai tsini, tana tafiya kamar kaza a kan kwano mai zafi. Ka ce furfura ta cika mini kai? In ce ina, ko ɗaya, ka ce wannan tashar ba ta da gaskiya. Ka kai hannu ka murɗa mini kunne: ƙara murya.

Ina kewar wannan. Kai, ina kewar ta har ƙirjina yana ciwo.

"Kada ki matsa, Mama. Saki kafaɗarki."

To, na saki. Harshe ya danne, ya tura, iska ta gangara… ta maƙale… ina ta shiga kuma?

Yanzu sai taɓin hannu. Ɗaya e, biyu a'a. Kin ci abinci? Ɗaya. Wurin na ciwo? Biyu, ko da yana yi. Mutumin da ya saba a zubo masa gari guda a kunne ya koma tambayar da e ko a'a za ta ishe ta. Da farko kana magana a madadinmu duka, ka tambaya ka ba kanka amsa da irin tsiwata, ba ka ma iya ba. Sai ta riƙa raguwa. Jiya ka juya fuska wajen taga ka ce, me ake yi a waje? Sai ka tuna. Ka ce bar shi kawai. Na riƙe hannunka, ban san sau nawa zan taɓa ba.

In ban yi magana ba, shirun nan zai cinye ka ina kallo. Shi ya sa nake nan ina gyatsa a gaban sa'ar 'yar cikina.

Ta sha ce mini in zo da kai. Ta ce ba tsohuwar muryar ce za ta dawo ba, wata ce, mai kauri, mai ɗan gurnani, gara kunnenka ya saba da ita tun tana rarrafe. In gyaɗa kai, mako ya zagayo in zo ni kaɗai. Yaya zan yi? Mutumin da ban taɓa ko sakace haƙori a gabansa ba? A banɗaki nake gwadawa, in buɗe famfo ya rufe ƙarar. Ka ce wankan nan naki ya fara tsawo, tsufa ko kwalliya? In taɓa sau biyu. Na ce sai ta yi kyau tukuna, sai ta zama magana, in kawo maka ita a gyare…

Na.

Ta fito? Yarinyar ta ɗago kai. Sake, Mama. Haɗiye — na… da… Haɗiye — na da-wo. Tana tafi, har da share ido. Na dawo. Abin da nake jefa maka daga bakin ƙofa tun muna ɗaki ɗaya, kafin in ajiye jaka, kai kuma ka ce ai tun daga kwana aka ji.

Babbar 'yarmu ta sauke ni a bakin gida, tana sauri, yara na jiran ta a makaranta. Na-da-wo, ina ta juya shi a baki. Ka san takuna, ka san ƙarar awarwarona, da su kake gane ni tun da aka yi aikin. Yau ba na so. Yau da murya za ka gane ni. Na cire takalmi a waje, na damƙe awarwaron da ɗaya hannun, ina sanɗa kamar ɓarauniya a gidana.

Ga ka can. Kujerar, tagar, fanka na juyi. Ka saka rigar a karkace, maɓalli ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa. Yaushe wuyanka ya rame haka?

Harshe. Tura. Riƙe…

Na dawo.

Ka zabura. Ka gyara zama, hannunka na laluben wuyan riga.

"Wa ke nan? Shigo mana, Malam. Ka yi haƙuri, ban gane muryar ba."

Malam…

"Matar gidan ta je asibiti, yanzu za ta dawo. Zauna." Kana janye ƙafa, kana ba baƙo hanya. Sai ga murmushin nan da na daɗe ban gani ba. "Da a da ka zo, da ba ka samu wurin saka baki ba. Murya gare ta, Malam. Wani lokaci ina nan zaune sai in ji ta sarai, kamar yanzu ta yi."

Ashe tsohuwar muryar tana nan wurinka. Lafiyayya, ba tabo, ba rami. Kai kaɗai ka rage da ita a duniya, ni ma ta fara ɓace mini. In na saki awarwaron nan za ka san ni ce, ka kuma san abin da ya rage. Wannan gurnanin zai hau kan waccan ya zauna… In kuma na koma da baya, na sa takalmi, na shigo kamar kullum, gobe ma ka tambayi taga me ake yi a waje.

"Malam? Kana nan?"

Ina nan, nake so in ce. Yatsuna sun ƙage a kan awarwaron. Harshen ya yi nauyi, ina tura iskar… ina turawa… ta ƙi gangarawa.