Hannun Attahiru

Ina sussukar gero a gidanmu na Bungudu, maƙwabciyata Jummai ta shigo ta ce rami ya rufta da yayana Attahiru a Tsafe, wurin aikin hanyar jirgin da ake ja zuwa Gusau, ya rasu. Kafin la'asar har an fara cewa ai dama rago ne, tun da ya koma Kirista zuciyarsa ta mutu.

Wannan maganar ce ta sa nake rubutu, da ɗan bokon da shi ya koya mini.

Attahiru ɗan dambe ne. Daga Furfuri har Mada babu wanda bai san hannunsa ba. Ya tafi Zariya neman aiki, ya dawo da sabon addini. Da kaka makaɗa suka zo, suka kaɗa takensa. A wurinmu in an kaɗa takenka dole ka fito fili. Yana zaune bai motsa ba. Jibo, wanda ya taɓa kayarwa sau biyu, ya ce, "A ba shi zane ya ɗaura." Aka yi ta dariya.

A gida na tare shi. "Yaya, mi ya same ka? Ka zubar muna da mutunci."

Ya ce, "Wasila, ƙarfin yana nan. Doki in an sa mai linzami ba ƙarfinsa aka cire ba. Shi ne tawali'un da Almasihu ya koya muna."

Na ce ni ba doki na tambaye shi ba.

Leburori uku ne suka faɗa mini abin da ya faru a Tsafe. Jibo ma lebura ne a can. Helma, wato shugaban leburori, ya kama shi yana hutawa, ya hau shi da dorina har ya faɗi. Attahiru ya zo ya riƙe wuyan hannun helman. Sun ce da ya murɗa da ya karye. Bai murɗa ba. Ya ce, "Ya isa, Malam," ya sake shi. Washegari helman ya tura yayana ramin da kowa ya san gefensa ya tsage.

Jibo ya dawo gari da ƙafafunsa. Na same shi a rumfar mahauta na ce, "Faɗa musu wa ya cece ka." Ya sunkuyar da kai yana gyara tsire. Har yau bai faɗa ba, kuma har yau ana ce wa yayana rago.

Ni ban bi addininsa ba, kuma ba ni da halinsa. Da ni ce da na murɗa. Amma kullum in za ni rijiya ta ƙofar Jibo nake bi, in tsaya in gaishe shi, in tambayi iyalinsa. Iyakar linzamin da na iya sa wa kaina ke nan.