Ƙwaya Goma Sha Ɗaya

Kwana uku da rasuwar Baba, Yaya Babba ta ce a share ɗakinsa. Ba wanda ya musa mata, don tun suna yara ba a musa mata. Shekara ashirin tana koyarwa a firamare, har a gida ma kallon 'yan aji take yi wa mutane. Ƙanenta Tela ya rufe shago ya zo. Auta ma ta zo, idanunta sun kumbura don kuka.

Su uku ke nan 'ya'yan marigayin, kuma su ukun suka yi jinyarsa, mako-mako. Kowace Litinin da safe mai fita ya fita, mai shiga ya shiga. Tsarin Yaya Babba ne, kuma ba shi da wuya: akwai farantin ƙarfe a kan teburin gefen gado, duk maganin da ke kai sai a ba Baba ƙwaya ɗaya bayan shayin safe. Kwalaye ne biyar ko shida, likita na ƙarawa yana ragewa, har aka gaji aka daina karanta sunayensu. Abin da ke kan faranti, shi ake ba shi.

Yaya Babba ce ta buɗe gwangwanin biskit ɗin da Baba ke ajiye takardu. A ƙarƙashin katin asibiti ta ga wani ƙaramin kwali. Maganin zuciya ne, wanda likita ya ja musu kunne ya ce ko na kwana ɗaya kada a tsallake. Mai kantin magani ya rubuta a jikinsa ranar da zai ƙare: goma ga wata, wato Alhamis ɗin da Baba ya cika. Ya kamata a tarar da shi wayam. Ta zaro fallen ƙwayoyin ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Goma sha ɗaya," in ji ta. "Kwana goma sha ɗaya tsohon nan yana kwance ba maganin zuciya, mu muna ta ɗura masa na ciwon gwiwa. Wa ya ɗauke wannan daga kan faranti?"

Tela bai tuna ba sai yanzu, amma da ya tuna, komai ya dawo masa tar. Safiyar Litinin ce, ranar da ya karɓi aiki daga hannun Auta. Hannun Baba ya yi rawa, shayi ya malale a farantin. Tela ya kwashe kwalayen da sauri, ƙaramin ya cusa shi cikin gwangwani don kada ya jiƙe. Sai ga waya daga wata mata da ya yi wa alkawarin ɗinki tun makon jiya, tana zazzaga masa masifa. Ya goge faranti da hannu ɗaya, ya mayar da abin da ya gani, ya ba Baba. Shi ke nan.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji kansa yana cewa, "Wa zai iya sani yanzu?"

"Ni zan sani," in ji Yaya Babba. "Ai kwanaki ba sa ƙarya."

Ta nufi kalandar da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa. Baba ba ya yage shafin watan da ya wuce, juya shi baya yake yi. Ta ɗora bakin biro a kan goma, ta fara komawa baya da muryar da take kiran sunayen ɗalibai. Goma, ɗaya. Tara, biyu. Takwas, uku. Haka har ta kai ɗaya ga wata, kwana goma cif. Ta juyo shafin watan jiya, bironta ya sauka a akwatin ƙarshe na layin ƙasa.

"Sha ɗaya. Talatin ga wata, Lahadi." Ta waiwayo a hankali. "Makon wa ya ƙare ranar Lahadin nan?"

Tela yana bayanta, kuma idon da ya saba da ƙananan layukan tef ɗin awo ba ya kuskuren irin wannan. Watan jiya kwana talatin da ɗaya ne. Layuka ne suka ƙare wa masu buga kalandar, sai suka cusa talatin da ɗaya a akwati guda da ashirin da huɗu, can gefen hagu, da 'yan mitsi-mitsin lambobi. A nan ya kamata biron ya tsaya. Litinin ce, kuma tasa ce.

"Nawa ne," in ji Auta. "Amma Yaya, na ba shi. Wallahi ina jin na ba shi."

"Kina ji? Ke da ko jakarki sai an bi ki da ita? 'Yar lelen Baba! Ya goya ki har kika yi wayo, abin da ya hana mu ya ba ki, ga sakayyar da kika yi masa. Da ma kin danne shi da matashi, da ya fi sauƙi. Kwana goma sha ɗaya yana haki, kina zuwa gaisuwa kina shafa masa kai."

Ita Yaya Babbar fa safiya huɗu na ƙarshe a hannunta suke, ta ɗauki farantin nan sau huɗu ba ta ga abin da ya ɓace ba. Shi ya sa take buƙatar mai laifi kamar yadda mai ƙishi ke buƙatar ruwa. Tela ya gane haka, ya kuma tsani kansa, don buƙatarsa ta fi tata.

Auta ta juyo wurinsa. Shi ne ya raka ta makaranta ranar farko, shi ya ɗinka mata kayan aurenta bai karɓi komai ba. Duk duniya, bayan Baba, ba ta da kamarsa.

"Yaya, kai ba ka kuskuren awo. Don Allah ƙirga mini. In ka ce ni ce, to ni ce."

Ya matsa gaban kalandar. Ya kama shafin watan jiya da hannun hagu kamar mai hana shi kaɗawa, babban yatsansa ya zauna daram a kan ashirin da huɗu da abin da ke ƙarƙashinta. Ya ɗaga ya ƙirga na wannan watan da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba, don a ga ya yi adalci. Ya sauke shafin. Takardar ta jiƙe da gumin yatsansa.

"Talatin," ya ce. "Lahadi."

Auta ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da gadon da ba katifa, tana kallon tafin hannunta. Yaya Babba ta jefa kwalin a cinyarta ta ce ta ajiye, nata ne. Ta ce kuma duk dangin da ya tambaye ta me ya kashe Baba, ba za ta yi ƙarya don rufa wa kowa asiri ba. Ta ɗauki jaka ta fita, tun a tsakar gida aka ji ta fara waya.

Tela ya ce, "Ai shafin nan ya gama aiki." Ya yage shi, ya ninke huɗu, ya sa a aljihu.

Zai fita ke nan ya ji an riƙe masa ƙafa. Auta ce a durƙushe, goshinta a kan takalminsa.

"Yaya, na raba ka da mahaifinka. Ita na san ba za ta taɓa yafe mini ba. Kai ka yafe mini, ko zan iya numfashi."

Ya dubi ƙeyarta. Kalma ɗaya ta isa ta ɗaga ta daga ƙasan nan, kuma ya san kalmar. Ya sunkuya ya dafa kanta.

"Tashi, Auta," ya ce. "Na yafe miki."