Na Saba'in da Huɗu a Tseren Keke

Labaran, kai ka ɓata wa jikana suna, kai ka hana a sa masa ranar aure. Ni Kande ta unguwar Ka'akiyya, a nan garin Harami, na faɗa, na kuma sa 'yata Ramlatu ta rubuta yadda ya fito daga bakina, don yayanka Alhaji Tijjani da duk masu zama a mirkaz ɗinsa, dandalin hirar maza, bayan la'asar su ji.

Ga wanda bai san maganar ba, ga yadda take. Jikana Usama, wanda na raina tun da uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, yana neman Suhaila 'yar Alhaji Tijjani. An kai gaisuwa, an karɓa, saura sa rana. Alhaji ya yi abin da kowane uba ke yi, ya ce ƙaninsa Labaran ya je ya binciko halin yaron da sana'arsa. To, Labaran bai taka ƙofar gidanmu ba. Bai tambayi limamin masallacinmu ba, bai tambayi maƙwabci ba. Yana zaune a shagonsa na turare a Rusaifa ya buɗe jawwal, wato wayar hannu, ya sa sunan Usama, abin da ya fito masa ya kwasa ya kai gaban maza.

Sana'ar Usama tseren keke ce, abin da yaran nan ke kira sikal. Shekara shida ke nan yana cikin ƙungiya, da kaftin ɗinsu, da motarsu, da rigarsu shuɗiya. Duk tseren da aka yi ana rubuta wanda ya zo na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Wannan jerin Labaran ya karanta a mirkaz da babbar murya: na saba'in da huɗu, na sittin da ɗaya, na casa'in, sau biyu ma bai kai ƙarshe ba. Ya ce shekara shida yaro bai taɓa shiga goman farko ba. Sannan ya nuna musu hoto mai motsi, ga Usama ya koma baya wajen mota yana cusa gorunan ruwa a cikin riga, yana bin abokansa yana miƙa musu.

Wanda ke wurin ya faɗa min abin da ka ce, Labaran, kuma kada ka musa. Ka ce: "Saƙƙa ne kamar kakansa, an dai sa masa taya." Saƙƙa, wato ɗan ga-ruwa. Aka yi dariya. Washegari Alhaji ya aiko cewa a ɗan dakata da sa rana.

Lambobin nan ban ce ƙarya ba ne. Kuma zan faɗi nawa laifin, ni ba na ɓoye abu. Da labarin ya iso ni, kan Usama na fara sauke fushina. Na ce masa ban raine shi don ya zama yaron wasu ba, in ruwa zai raba ya je Harami ya raba zamzam ya sami lada. Na ce ya jingine keken nan ya nemi aikin tuƙi kamar 'yan'uwansa. Kwana uku ke nan ba ya cin abincin kirki, amma da ya ji haka sai ya yi murmushi.

"Sitti," ya ce, haka yake kirana maimakon kaka, "kin taɓa ganin tsere da idonki?"

"Me zan gani? Ƙattai da gajeren wando?"

"Asabar muna hawan dutsen Hada. Ki zo. In kin gani kin ce in bari, na bari."

Ranar Asabar Ramlatu ta tuƙa ni, muka bi hanyar Ɗa'if muka hau dutse. Muka tsaya a wata kwana kusa da saman, inda birai ke zaune kan katanga suna jiran wanda zai yi sakaci da ledarsa. Iska tana busowa daga sama sai da na riƙe mayafina da hannu biyu. Kusa da mu akwai wani dattijo mai suna Sa'ud, sanye da shuɗiyar riga irin tasu Usama, shi ke gyara musu kekuna. Da ya ji ni ce kakar Usama, ya sauko min da kujera daga motarsa.

Sau biyu za su bi ta gabanmu. A na farko na ga abin da Labaran ya gani. Usama ya zo daga bayan taro, bayansa a kumbure da goruna, na ƙirga takwas. Yana hawan dutsen da mota ke nishi a kansa, da wannan nauyi, yana wuce mutane ɗaya bayan ɗaya har ya iske nasa, ya miƙa wa kowa ruwansa. Na tambayi Sa'ud me ya hana kowa ya je ya ɗauko nasa. Ya ce wanda ya koma baya a wannan hawan yawanci ba ya sake kamo na gaba, a cikin ƙungiyarsu Usama kaɗai ke iya komawa ya dawo sau uku a yini.

A na biyu sai na hango layi dogo yana tahowa, wa zan gani a gaba in ba Usama ba. Bakinsa a buɗe, gishirin gumi ya yi fari a fuskarsa. Na miƙe tsaye na ce wa Ramlatu ga shi nan na ɗaya. Sa'ud ya girgiza kai, ya ce in dubi wanda ke manne da tayarsa ta baya. Wannan shi ne Turki, wanda ƙungiya ta zaɓa ya ci tseren. Ya ce na gaba shi iska ke duka, na bayansa a inuwa yake, yana ajiye ƙarfinsa. Usama ya ja su tun daga ƙasan dutse, kuma zai ja har ƙafarsa ta ƙi.

A gabana ta ƙi. Daidai kwanar da nake, ya kauce gefe kamar an cire masa rai, Turki ya fita kamar an harba shi. Sai mutane suka yi ta wuce jikana, ina kallo, goma, ashirin, hamsin, yana tafe a hankali kansa a ƙasa. Bai ma gan ni ba. Ranar ya zo na sittin da takwas. Turki ya zo na ɗaya.

Da muka isa wurin ƙarewa ana ta kiran Turki ya hau dandamali, ya ƙi tafiya. Yana tsaye a bakin layi har Usama ya iso, ya rungume shi, ya sumbace shi a ka a gaban jama'a. Daga baya ya zo inda nake, ya gaishe ni da Larabci, ya kira ni hala, wato inna. Na tambaye shi kai tsaye, wannan sau biyun da aka rubuta jikana bai kai ƙarshe ba fa? Ɗaya na sani, ranar da ya faɗi ya karye a kafaɗa, ni na yi jinyarsa. Turki ya ce ɗayan tayarsa ce ta fashe, motarsu tana nesa, Usama ya sauka ya ba shi kekensa ya tsaya a bakin hanya da ƙafa.

"Hala," ya ce, "ni ake ɗauka hoto, amma duk ƙungiyar da ta neme ni, sai na ce da Usama za mu zo."

Ni ban yi makaranta ba, ban san harafi ko ɗaya ba. Amma lamba na san ta. Shekara talatin ina sayar da gyaɗa da kunu a unguwar Jarwal, da lamba nake gane motar da zan hau da ƙofar da zan shiga a Harami. Da muka dawo gida na sa Ramlatu ta buga min jerin Usama a takarda, ta buga na Turki, na shimfiɗa su gefe da gefe a kan darduma, tana karanta min ranaku ina bin lambobi da yatsa. Ranar da Usama ya zo na saba'in da huɗu, Turki na ɗaya. Ranar na casa'in, Turki na biyu. Ranar na sittin da ɗaya, Turki na ɗaya. Wata ukun da Usama ke kwance a ɗakina da kafaɗa a ɗaure, an yi tsere huɗu, mafi kyawun abin da Turki ya samu na goma sha huɗu ne. Tsohuwa marar karatu ta gano wannan tsakanin azahar da la'asar. Kai mai jawwal biyu takarda ɗaya ka karanta ka tashi.

Yanzu maganar kakansa. E, mijina Rabi'u saƙƙa ne, Allah ya jiƙansa. Gwangwani biyu da sanda a kafaɗa, haka yake hawan tudun Jarwal tun kafin a kawo famfo. Gidanku yana hawa na uku, Labaran, matakala arba'in da ɗaya, ya sha faɗa min. Da ruwan da ya hau da shi uwarka ta yi maka wanka, da shi ta dama maka koko. Bai taɓa zubar da shi a hanya ba, bai taɓa kawo gwangwani rabi ba. Da ka ce Usama ya gaje shi ka yi shiru a nan, da goro zan aiko maka. Dariyar ce ban yafe ba.

Ban sake ce wa Usama ya bar keke ba. Da ya tambaye ni abin da na yanke, na ce ya ci abincinsa ya daina yi min surutu. Ya cinye kwano biyu. Kaftin ɗinsu ya ce suna riƙe da shi shekara biyu masu zuwa, kuma in sanyi ya shigo akwai tseren bakin teku, an ware masa rana ɗaya da zai yi wa kansa gudu, Turki ne zai tare masa iska. Ko ya ci ko bai ci ba, zan je da kujerata.

Mahaifiyar Suhaila ta zo min jiya da shayi da dabino, mun daɗe. Ta ce yarinyar ba ta canja ra'ayi ba, tun farko ma ta fi mu sanin aikin Usama, ba wanda ya tambaye ta ne. Ta ce Alhaji bai rufe ƙofa ba, ya ga takardun nan biyu da na aika masa, ya daɗe yana kallonsu. Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar zai saurari maganar a mirkaz. Turki da Sa'ud sun ce za su zo. Alhaji mutumin kirki ne, abin da aka kai masa ya yi aiki da shi, ba ni da ƙorafi a kansa. Ina sa ran daga wannan zaman za a sa rana.

Amma ba za a sa ta a kan dariyar nan ba. Ni mace ce, ba na zama cikin maza, don haka zan kafa kujerata a tsallaken titi inda kunnena zai kai. Labaran, ka zo da jawwal ɗin nan naka. A wurin da ka zauna ran nan za ka zauna, gaban mutanen da suka yi dariya. Ka karanta jerin Usama da muryar da ka karanta shi da farko, ka karanta na Turki kusa da shi, rana da rana. Sannan ka faɗa wa yayanka dalilin da ya sa aka aike ka bincike ba ka tashi daga shago ba, ka kuma kira sunan Rabi'u ka nemi gafararsa. In ba ka zo ba, na san hanyar Rusaifa, na san lambar motar da ke zuwa can.