Kwazazzabon da Fenti Ya Cinye

Duk lokacin sanyin bana a ɗakina na ƙare shi, ina sassaƙa kwazazzabo a kan teburin da na rubuta kundin digirina. Filin yaƙi ne na 'yan mitsi-mitsin sojojin roba, wanda ƙungiyarmu ta birnin Almaty za ta yi gasa a kansa. Da soso mai tauri na yi shi, irin wanda ake liƙa wa bango don tsare sanyi. Gadar da na ɗora kan kogin cikinsa ma da soja a hannu na auna ta, yadda biyu kaɗai za su wuce a jere. A kusurwa na zana sunana, kamar yadda duk mai yin fili yake yi a wurinmu.

Da na kai shi shagon da muke wasa, na roƙi mai shagon, Daulet-aga, kada a taɓa shi sai na shafe shi da gam, don fentin feshi cinye soso yake yi. Ya ce to ƙanwata, bakinsa cike da baursak, fankenmu na nan, idonsa a kan waya. Da ma haka yake jin maganata.

Ana gobe gasa, tun daga matakala wari ya tare ni. Ashe Daulet-aga ya fesa wa filin fenti. Wai hoto yake so ya tura wa 'yan ƙungiya. Duwatsuna sun narke kamar cukun da ɓera ya gwaguya, gadar ta rufta cikin kogi.

"Haba Zhanel, ai kamar an yi ruwan bama-bamai. Ya ma fi kyau."

Ya turo mini shayi. Ban sha ba. Magana fal bakina, ko ɗaya ba ta fito ba.

Washegari 'yan wasa suka kewaye teburin suna kallon ramukan. Sai na ji yana gaya musu wai ni na tsara shi haka, sabon salo ne, har yana nuna sunana da ɗan yatsa.

Na zaro wuƙar sassaƙa daga jakata, na ratsa tsakaninsu, na yanke kusurwar.

"Aga, wannan aikinka ne. Sa naka sunan."

Wani ya ce ashe tana magana. Daulet-aga bai yi dariya ba.

Na sa kusurwar a jaka na fito. Ita kaɗai fentin bai kai gare ta ba, har da 'yar bishiyar da na murɗa da waya.